Agogon Magaji a Cikin Buhun Shinkafa

Da asubar ranar kasuwar da zan ba da labarinta, na tarar da Malam Magaji zaune a kan buhu a bakin rumfarsa, yana goge maɗaurin agogonsa da tsohon buroshin haƙori. Gari bai gama wayewa ba, don haka sai ya ɗaga shi ya haska da fitilar mai shayi, ya hura, ya sake gogewa. Na yi masa ina kwana, ya amsa bai ɗago ba.

"Har yanzu ba ka gaji da yi wa wanga abu wanka ba?" na ce.

"Sa'idu, kai ɗan dako ne. Bar zancen abin da ba ka sani ba."

Gaskiyarsa. Tun ina saurayi nake ɗora buhu a mota a kasuwar shinkafa ta Gummi, kuma tun lokacin Malam Magaji yake dillanci a wannan rumfa. Ni ina ɗauka, shi yana magana. A haka muka yi furfura tare.

Aikinsa a hannunsa na dama yake. Manomi zai kawo shanshera daga fadama, wato shinkafar da ba a surfe ba, mai saye ya zo da mota daga nesa, amma babu wanda zai yarda a ɗinke bakin buhu sai Malam Magaji ya zura hannu a ciki har kusa da gwiwar hannu. Da ya zura ya san ko ta bushe, ko akwai danshi a ƙasa, ko an cika tsakiyar buhun da ƙaiƙayi an rufe da mai kyau. Sai ya fiddo 'yan ƙwayoyi ya gatsa da haƙori, ya ce a ɗinke ko a zazzage. Ban taɓa ganin ya cuci manomi ba. Ban kuma taɓa ganin ya ɗaga buhu ba. Idan ana lodi yakan tsaya gefe yana cewa mu yi a hankali, sai ka ce da ba don shi ba da gudu za mu yi.

Agogon kuwa 'yarsa Zuhura ce ta kawo masa da ƙaramar salla. Aikin jinya take yi a Gusau. Jiri ya taɓa kayar da shi a kasuwa, aka auna aka ce hawan jini ne, shi ya sa ta sayo masa irin agogon nan mai fuska kamar ta waya, wanda yake nuna bugun zuciya, kuma idan an kira wayarka shi ma ya yi ƙara. Ta sa ya yi alkawari a gaban mahaifiyarta, Inna Hasana, cewa ba zai riƙa yawo babu shi ba. Kullum sai ta kira ta tambayi abin da agogon ya nuna. Malam Magaji ba ya shakkar kowa a kasuwar nan, manyan 'yan kasuwa ma yakan gaya musu magana ido da ido, amma idan wayar Zuhura ta shigo har hula yake gyarawa.

Ba fuskar agogon ce ta tafi da hankalinsa ba, maɗaurin ne. Ƙarfe ne saƙaƙƙe, siriri kamar rariyar tankaɗe, fari fat yana sheƙi. Ba shi da huji ko maɓalli, sai wani ɗan mayen ƙarfe a bakinsa da yake mannewa a jikin saƙar. Zuhura a hannun hagu ta ɗaura masa. Kafin ta isa Gusau ya mayar da shi dama. Ya ce wai a dama ya fi jin bugun zuciya, mu kuma mun san da dama ake gaisawa. A watan nan sai da ya ba mutanen da ya daɗe ba ya ko kallonsu hannu, kuma ba ya saki da wuri.

Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Da farko maɗaurin ya fara tsinke masa gashin hannu ɗaya bayan ɗaya, yana cikin ciniki sai ka ji ya ce "wash" ya ci gaba. Daga nan ƙaiƙayi ya samu gida. Kowace kafa ta saƙar nan sai ta cika da shi, gumi ya jiƙa, wuyan hannun ya yi ja ya fito da ƙuraje. Idan rana ta take ƙarfen ya ɗauki zafi. Ya ja zaren aikin hannun rigarsa ta zuwa Juma'a har ya tsefe. Mayen ƙarfen kuma ba ya ganin basilla, babbar allurar da muke ɗinke buhu da ita, ya ƙyale. Wata rana mun juye rumfa muna neman basillata, ashe tana lilo a hannun Malam Magaji yana can yana rantse wa wani baƙo.

Sau ɗaya na yi masa magana. Na ce abin nan na mai zama kan kujera ne, wanda hannunsa ba ya shiga ko'ina sai aljihu. Ya ce hassada ce. Ban sake ba, ba ni da ƙarfin ɗaukar buhu da na gardama a rana ɗaya. Shi kuma maimakon ya cire, sai ya sassauta shi don ƙurajen su sha iska, har yana yawo a hannunsa kamar munduwa.

Ranar da nake magana kasuwa ta cika, an gama girbi, buhuna har bakin hanya. Motar Shehu direba muke lodi, za ta kai kaya injin surfe a Sakkwato. Shehu ba ya bari la'asar ta same shi bai yi nisa ba, kuma duk wanda yake bin hanyoyin nan a shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa dalili. Don haka aka yi ta sauri. Malam Magaji yana zura hannu yana fiddowa, idonsa a kan ƙwaya, bakinsa a kan ciniki, muna ɗinkewa muna ɗorawa. Da hantsi ma har ya juyo ya ce da ni, "Ka gani ko? Yau hannun ya saba, ko susa ban yi ba."

Da aka kira azahar ya ɗauki buta ya tsuguna, ya naɗe hannun riga don ya matsar da agogo ruwa ya shiga. Babu agogo. Sai sawunsa kawai, da ƙuraje a jere.

Ya duba hagu. Ya sake duba dama. Ya lalube aljihu, ya kakkaɓe riga, ya leƙa bayan buhun da yake zama a kai. Sannan ya tsaya yana kallon motar Shehu, wadda muka riga muka cika har sama muka ɗaure da igiya.

"Shina ciki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Cikin wane?" in ji Shehu.

"In na sani zan tsaya nan?"

Shehu ya yi dariya har da dafa ƙofar mota. "To ka yi haƙuri, Dillali. In munka isa Sakkwato sai in ce su surfe maka shi, ya dawo fes babu ƙaiƙayi."

Malam Magaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Mi zan ce wa ɗiyata?" Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi tambayar da ba shi da amsarta ba sai ran nan.

Muka yi salla tukuna. Da muka dawo Shehu ya ce ai idan aka kira wayar Malam Magaji agogon yana kuka, muddin suna kusa da juna. Aka toshe bakin wayar don kada ƙararta ta danne ta agogon, aka ɗora ta a kan kaya, Shehu ya kira. Ba mu ji komai ba sai kasuwa. Sai da aka roƙi mai injin niƙa na kusa ya kashe, aka ce masu awo su yi shiru. Manyan mutane masu iyali muka zagaye mota, kowa ya manna kunne a jikin buhu. Wani mai wucewa ya tsaya ya tambaya ko shinkafar ce ba ta da lafiya.

Ni na fara jin shi. Wani ɗan kuka siriri kamar na gyare, can gaba wajen kan mota, kuma a ƙasa. Wato cikin kayan da muka fara ɗorawa da safe.

Shehu ya dubi rana ya ce shi fa inuwar rumfar nan na taɓa tayarsa zai tashi, da agogo ko babu. Ba wanda ya ga laifinsa. Abokan aikina suka dube ni, ni kuma bayana ya riga ya gaya mini ra'ayinsa.

Malam Magaji ya fara jawabi. Ya kawo zumunci, ya kawo shekarun da muka yi tare, ya kawo ladan taimakon musulmi.

"Malam Magaji," na ce, "za mu sauke. Amma magana ba ta ɗaga buhu. Tuɓe riga ka kama kunnen buhu ɗaya."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga gulbi. Sai ya cire hula, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya kama. Ban bar shi ya ɗora a ka ba, na san ciwonsa, gefe kawai yake riƙe mini mu sauke ƙasa. Ko a haka, kafin mu yi nisa ya jiƙe sharkaf, ƙaiƙayi ya rufe masa gemu. Ya daina cewa a yi a hankali. Ni ne ma na ce masa haka, na kuma ji daɗin faɗa.

Muka kai ga layin ƙasa inuwa tana dab da taya. Muka sauke buhunan da muke zargi muka jera su, aka ce Shehu ya sake kira. Ya danna, ya girgiza kai, wayarsa ta mutu babu caji. Ana cikin tambayar wa ke da lambar Dillali, sai wani buhu daga tsakiya ya fara kuka da kansa. Malam Magaji ya leƙa wayarsa, fuskarsa ta sauya.

"Zuhura ce."

"Kada ka ɗauka," na ce. "Bar ta ta yi muna aiki."

Kiran ya katse, ta sake kira, don ba ta saba ya ƙi ɗauka ba. Na bi kukan na dafa buhun, na sa wuƙa na yanke ɗinkin. Ya zura hannu yadda ya saba, har gwiwar hannu, ya ɗan lalube, ya fiddo shi. Maɗaurin ya toshe da ƙaiƙayi ba ka ganin sheƙinsa, ga wata tsatsar ƙusa da mayen ƙarfen ya tsinto a cikin shinkafar. Wajen kakkaɓewa yatsansa ya taɓa fuskar agogon, sai muryar Zuhura ta fito kowa yana ji.

"Baba, lafiya? Mi ya sa kake haki haka?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ɗan motsa jiki ne nika yi."

"Buhu ya ɗauka!" Shehu ya ɗaga murya daga kan mota. "Yau munka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Agogonki ya yi rabin yini cikin shinkafa."

Sai Zuhura ta ce, "Baba, a wane hannu kake ɗaura shi?"

Ya dubi ƙurajen da ke hannunsa na dama.

"Kuma ina maɗaurin roba da na sa maka cikin kwalin? Ba na ce shi ne na kasuwa ba, na ƙarfen na Juma'a da buki?"

Duk muka juyo muka dube shi. Ashe akwai wani. Ya share gemu ya ce wai wancan baƙi ne kamar an yanko shi daga tayar babur, babu wanda zai gan shi ya san agogon kirki ne.

"Ni ba don a gani na saya ba," ta ce. "Zauna ka huta, ka sha ruwa. In ka dawo daidai ka karanta mini abin da ya nuna. Zan kira Inna ta fiddo kwalin."

Ya zauna a inda aka ce. Mu muka mayar da kaya, Shehu ya tashi inuwa ta riga ta hau tayarsa, yana faɗa yana dariya. Washegari ya aiko cewa ya sauka lafiya.

Kasuwar da ta biyo baya na same shi da baƙin maɗauri a hannun hagu, ya ja hannun riga ya rufe. Ƙurajen dama sun fara bushewa. Da muka zo lodi ya tsaya gefe bai ba mu shawara ba. Da la'asar, bayan mota ta tashi, ya ce za shi barkar suna a unguwarsu. Ina tattara igiya na gan shi ya wanke hannu har gwiwa, ya zaro maɗaurin ƙarfen daga aljihu a naɗe cikin ƙyalle, ya zauna ya sauya. Ya waiga don ya ga ko ina kallo, sannan ya ɗaura shi a dama, ya naɗe hannun riga kaɗan, ya nufi mai shayi da hannu a miƙe.