Ɗaliban Malam da Wainar Suna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Asiya, wanda ɗalibansa na sashen kasuwanci a jami'ar nan ta Wudil suke kira Malam kawai. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake tsara babban aiki har a kai shi ƙarshe a kan lokaci. Ni karatuna iyakarsa sakandare, amma na daɗe ina taya shi wannan darasi ba tare da na taɓa taka ƙofar aji ba.

Duk zangon karatu sai ya jira a haihu a danginmu na Indabo ko a maƙwabta, a kawo mini aikin wainar suna. Sai ya kwaso ɗalibansa. Maza su zauna a zaure da takardunsu, mata su shigo wurina. Baƙi za su iso da hantsi, to me za a fara, wane aiki ne ke jiran wanne, wa zai riƙe me? Wata shekara suka zana tsari mai kyan gani, layi-layi, amma awa ɗaya suka ba ƙullu ya tashi. Na ce ba zai yiwu ba. Sai wani daga zaure ya aiko wai a ƙaro mata biyar su taya aiki. Na yi dariya har na dafa bango. Malam ya leƙo ya ce, "Maman Asiya, ba su amsa mana." Na ce, "Ko mata ɗari aka tara, ƙullu sai ya ga dama." Ya sa suka rubuta.

Da ya rasu, na daina. Ana kawo aikin waina ina yi, amma zauren nan ban sake barin ɗalibi ya zauna ba. Bayan la'asar, idan rana ta kwanta a kan dakalin, sai in riƙa jin kamar ana cire takalma, kamar yana gyaran murya. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu har abin ya wuce.

Yanzu Asiya ta nuna mini waya tana zana layukan nan da kanta. Ina jin da Malam yana nan zai karɓa ya daɗe yana kallo, ya yaba. Sannan ya tambaya a hankali ko wayar ta san ranar Juma'a motocin shanu kan cushe hanya, don haka shinkafa tun Alhamis za ta shigo.

Watan jiya Hadiza ta zo, ɗaya daga cikin 'yan matan da suka taɓa riƙe mini ludayi. Ita ke koyar da darasin yanzu. Bayan mun gaisa ta ce, "Mama, ki ara mana zauren. Yaran nan sun iya zane, amma ba su taɓa jiran komai ba." Na ce zan yi tunani. Tsorona ɗaya ne: kada hayaniyarsu ta cika wurin, in nemi ɗan abin da nake ji da la'asar in rasa. Na yi istihara, na kwana uku, sannan na aika mata su zo.

Ranar Asabar suka zo. Na laɓe a bayan ƙofar zaure ina saurare. Hadiza ta jefa musu tambaya, sai ta yi shiru. Shiru mai tsawo, wanda ba ya taimakon kowa, har ɗalibi ya gaji da sosa ƙeya ya nemo amsa da kansa. Shirun Malam ne. Littattafansa na kulle a kabad, rigunansa na raba, amma wannan ban san na manta da shi ba sai da na ji shi a bakin wata.

Na goge fuskata da bakin mayafi, na ce 'yan matan su shigo.