Wankan Takwarar Inna

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, yayana ya dawo ganin gida daga Norway, inda ya tafi karatu ya maƙale. Ya zo da ƙaramar 'yarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarmu. Uwar yarinyar aiki ya riƙe ta can. Inna ta daɗe tana jiran wannan takwara tata, har sabon fenti ta sa aka yi wa ɗakinta a gidanmu na Ƙofar Marusa.

Yarinya ko "zo" ba ta ji da Hausa. Amma ta ci tuwo, ta bi kaji da gudu, komai lafiya sai wanka. Da ta ga bokiti da kwano a banɗaki sai ta ƙwalla ƙara tana cewa, "Dusj! Dusj!"

Inna ta dube ni. "Mi ya dushe kuma?"

Yaya ya ce shawa take nufi, ba ta taɓa wanka da kwano ba. Ga zafin Katsina, nan da nan ƙuraje suka feso mata a wuya. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in abin ya ƙi, sai mu koma otal mai shawa, mu riƙa zuwa gaishe ku."

"To," in ji Inna, ta shige ɗaki. Na san wannan "to" ɗin, kuma ya sosa mini rai ƙwarai.

Ni da ko Turanci da ƙyar na haye a makaranta, na tsare Yaya na ce sai ya koya mini duk kalmomin wanka na yarensu. Ruwa "vann", sabulu "såpe", wankewa "vaske". Wannan ta ƙarshe harshena ya ƙi ta, sai "waske" nake cewa. Yaya ya ce ai dole ta zauna mini, tun ina ƙarama na ƙware a waske wa aiki. Ina wanke-wanke ina maimaitawa da ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya nake.

Na biya wa Inna abin da na koya. Dabarar gwangwani kuwa tata ce. Ta sa na samo babban gwangwanin madara, ta huhhuda gindinsa da ƙusa. Ta ɗaga shi sama, ni ina zuba ruwa, yana zubowa kamar yayyafi.

"Takwara, taho ki gani. Dushe!"

Yarinya ta leƙo. Ta miƙa hannu, can ta tura kai. Inna ta ɗauko sabulu tana cewa, "Sofe, sofe. Waske, waske." Yarinya ta tuntsire da dariya, ta shiga gyara mana furuci kamar wata malamar makaranta, Inna na cuɗa ta tana amsa karatu.

Da aka gama sai yarinya ta ce "håndkle", wadda a kunnenmu ta fito kamar "hankali". Ban koyi wannan ba.

"A hankali nike yi, takwara, wallahi a hankali," in ji Inna.

Yaya ya ɗago murya daga tsakar gida yana dariya: "Tawul take nema, Inna!"

Ni kuwa sarkin shiri ban kawo tawul ba. Inna ta zare zanen da ta yafa ta naɗe ta, ta sungume ta. Yarinya ta kwantar da jiƙaƙƙen kanta a kafaɗarta ta yi lamo. Na ga hawaye a idon Inna, ba ta ma ɓoye ba. A ɗakinta yarinyar ta riƙa kwana har suka koma, Yaya bai ƙara zancen otal ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ba sai ka iya yaren mutum duka ba kafin ya yarda da kai. 'Yan kalmomi ma sun isa ko a karkace suke, in ya ga don shi ka wahala. Har yau ban iya gaisuwa da yaren Norway ba, ban iya tambayar hanya ba. Amma a ba ni yaro da ruwa, zan yi masa wanka tas.