Wayar da Na Ji Kunyar Cirewa

A shekarun da ake haƙa hanyoyin ruwa na Bakolori, ni saurayi ne ɗan Maradun, na gama karatun aikin gona a jami'a, aka ɗauke ni cikin masu awon gonaki. Mutum ne ni mai tsoron kuskure, takarda ɗaya sai in karanta sau uku kafin in sa hannu. Tun ina yaro haƙorana na gaba sun turo waje. Lokacin bautar ƙasa a kudu wani likita ya yi mini wata roba mai kwanciya a ganɗa, da siririyar waya da ta ɗaure haƙoran don ta mayar da su ciki. Ya ce in sa ta kullum, amma in cire duk lokacin da zan ci ko in sha abu mai zaƙi, in wanke ta, in goge baki kafin in mayar. Na rubuta duka a littafi, amma sawar kawai na bi.

Ba zan ce ganganci ba ne, ko da yake wataƙila wani ya kira shi haka. A ƙauyukan Bakura ba a murna da ganin igiyar awonmu, domin gonar gado ce ake ratsawa da hanyar ruwa. Duk da haka ba a taɓa barinmu da ƙishi ba. In an gama doguwar gaisuwa sai a kawo fura a ƙwarya, a zuba sukari da yawa don girmama ma'aikaci, ludayi ɗaya yana zagayawa. In na ƙi sha, za a ce bayan cin gona ga raini. In kuma na sa yatsu a baki na zaro abu yana ɗigar da yawu a gaban dattawa, wa zai karɓi ludayin daga hannuna? Sai in sha da robar a baki, gida uku ko huɗu a yini. Aswaki ma na daina, ina tsoron kada ya lanƙwasa wayar, ga shi babu mai gyara ta sai Sakkwato. Kurkurar alwala ta zama duk tsaftata. Direbanmu, wanda muke ɗaki ɗaya a Talata Mafara, yana kirana mai linzami, yana tambaya ko a kawo mini dusa, shi ya sa ko a gida ɓoye-ɓoye nake ɗauraye ta in mayar da sauri.

Wata rana bayan la'asar wani dattijo da muka auna gonarsa ya ja ni bayan masallaci. Ya sake gaishe ni kamar ba mu gaisa ba, ya ce in gafarce shi, ni ɗansa ne, kuma wanda ya tsaya kusa da ni a sahu ya san bakina ba lafiya. Ya ciro sabon aswaki ya ba ni, ya ce bai san ƙarfen Turawa ba, amma ya san ko tukunya ba a rufe ta da dauɗa. Na yi godiya, na shiga yi masa bayanin 'yan boko, na sa aswakin a aljihu. A can ya bushe. Na kuma ji nauyin neman izinin zuwa asibiti wurin shugabana saboda haƙori ana tsakiyar aiki, har damina ta wuce.

Sai da sanyin ruwan randa a haƙori ya fara sa ni hawaye na je Sakkwato. Likita ya ba ni madubi, na ga wani layi fari kamar alli daidai inda wayar ke kwanciya, da ramuka baƙaƙe a gefen dasashi. In na fahimce shi daidai, akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani a bakin kowa, suna cin sukari su fitar da tsami mai cin haƙori. Yawu kan wanke su, amma ƙarƙashin roba da waya ba ya kaiwa sosai, sai su yi ta yawa. Ya ce haƙoran sun miƙe kuwa, sai dai uku ba su cetuwa. Ina da shekara ashirin da bakwai na ji ƙararsu a cikin kwanon likita.

Ban zargi wayar ba, ban zargi masu fura ba. Na gaji ne kawai da taunawa da gefe ɗaya duk tsawon rayuwata. Yanzu ina ganin yara da ƙarafa a baki, wasu don gyara, wasu na ji an ce ado ne. Ni ba likita ba ne, amma ina roƙon iyaye su duba bakin 'ya'yansu, su rage musu zaƙi, su kai su wurin likita a kan kari. Wanda kuma aka ce ya cire ya wanke, ya nemi izini ya koma gefe ya yi. Da na yi haka, dariyar kwana biyu za a yi mini a manta. Ni kuwa har yau in zan yi dariya sai na kare baki da hannu.