Rigar sojan Garagumsa

Kafin Faransawa su tafi, ni ce babbar masu wanki a barikin soja na Damagaram. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma akwai kalmominsu da aiki ya sa na riƙe. In lafirmiye, wato mai taimakon likita, ya ce “danje”, ka ja baya. In ya ce “dezanfekte”, a tafasa kaya a zuba musu ruwan jabel, mai cinye fatar hannu. In kuwa ya ce “kontajiye”, cutar mai yaɗuwa ce, ba mai taɓa kayan sai da doguwar sanda, kuma wuta ce makomarsu. Matan da ke ƙarƙashina sun san ba na maimaita magana. Ina duba ƙullin zanin kowace in an tashi, kar a fita da kayan bariki.

Wata shekara agana ta kashe wani soja ɗan Garagumsa. Aka binne shi, aka tara kayansa a bayan ɗakin marasa lafiya. Uwarsa ta zo da rana tsaka, ƙafafunta duk faso. A wurinmu kayan mamaci gida suke komawa, a raba, a yi sadaka da wasu. Ita riga ɗaya take so, ta saƙi, wadda yake sawa in ya tuɓe kaki.

“’Yar nan, ni na kaɗa zarenta,” in ji ta. “Ki miƙo mini in tafi.”

Na ce, “Inna, jira.”

Na sami lafirmiye, wani Babarbare ɗan unguwar Birni, yana cin goro a inuwa. “Mushe” muke ce masa, wato Malam a bakin Faransawa.

“Mushe, in na tafasa ta fa? Har sau nawa ka ce.”

“Yau ke ce da roƙo? Ke da ko sarzan mai igiya uku tsoronki yake ji?” Ya yi dariya, sannan ya daina. “Yaya, agana ce. Tana da jikoki a gida?”

Tana da su. Na koma na faɗa mata yadda yake, ban sassauta ba. Ta ce ko mushen jaki ba a yi wa haka. Na ce cutar tana cikin zaren, in ta kai gida yara za ta kama. Sai ta ce:

“To, in gani da idona. Kar wani ya sa ta a bayana.”

Wannan kam an yarda. Na tsayar da ita ta inda iska ke tahowa, na ɗaga rigar da sanda don ta shaida ta. Ta gyaɗa kai. Na zuba kananzir na ƙyasta ashana.

Saƙi mai kauri ba ya saurin ci. Ta tsaya har ya zama toka, bakinta yana motsi. Daga nan ta nemi ruwa ta sha, ta tambaye ni inda ake samun motar Takieta, wadda za ta kai ta wajen garinsu.