Ƙauyen da kwamfuta ta ƙi mantawa

Da rana tsaka na shiga ƙauyen, ko kukan kaza babu. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta tsiro har cikin murhu.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Isa. Abincin yara masu tamowa ba ya isar kowa, shi ya sa yanzu kwamfuta ke nazarin katunan asibiti, ta fitar da sunayen waɗanda za a fara kai wa. Sati uku a jere tana sa wata yarinya, Hassi, a saman jerin. Ƙauyensu kuwa, can bayan Kamarawa, kowa ya san mutanensa sun gudu Nijar saboda 'yan bindiga.

Na yi ta masifa a ofis, na ce wannan inji wajen aljanu yake aika mu. Ranar nan dai na ce za ni, in ɗauko hoton kango in rufe bakin kowa.

Ina ɗaga waya sai na ji tari bayan wani rumbu.

Tsohuwa ce zaune, da yarinya a cinyarta, hannuwan yarinyar kamar kara.

"Ɗiyata, wa ya aiko ki?"

Na ce, "Inna, kwamfuta ce. Ta ga Hassi ta daina zuwa awo."

Ta kalle ni ta ce, "Ashe ita ba a hwaɗa mata garin ga ya tashi ba."

Yarinyar nan Hassi ce. Tana asibiti yanzu, ta fara cin abinci.

Jiya sabon jerin sunaye ya fito. Biyu daga ciki na ƙauyukan da muka rantse babu kowa ne. Jama'a, ku ne a matsayina, za ku iya cewa ba za ku ba?