Hannuwan da Kaka Ta Hana a Ƙona

Har yau, in na ji almakashi na cin takarda mai kauri, sai in tuna ranar da adakar Kaka ta faɗi.

Bari in bi da kai daki-daki. A Makka, in hajji ya matso, mukan kwashe kayanmu mu koma saman soro, a sauki alhazai a ɗakuna. Da wannan muke ci. A shekarar, bayan yaƙin Turawa na biyu, ni da Baffa, ƙanin Baba, muka ɗauko adakar, marfinta ya ɓalle a matakala. Zannuwa suka zube, ƙamshin kafur ya tashi, sai ga hoto.

Wani tsohon Bature ne a zaune, gicciye a ƙirjinsa, hannuwansa bisa gwiwa. A gidanmu! A garin da ko inuwar irinsa ba ta shiga!

Baffa ya saki salati, ya dubi Kaka. "Inna, mene ne wannan? In maƙwabta suka gani, wa zai ƙara kawo mana alhaji? Halas, shi ke nan, mun tashi!"

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in kawo garwashi.

Kaka ta zauna a matakalar, ta dubi Baba. "Kafin ka ƙona, ka ji. Muna tahowa daga ƙasar Hausa guzuri ya ƙare a Sudan, madugu ya sayar da kai, ko sunanka ba ka iya faɗa ba. Na tarar da kai ɗaure a ƙafa kamar ɗan akuya. Ba ƙofar da ban buga ba. Wannan bishop ne, babban limamin Kiristocin Angalika, aikinsa bin kasuwanni da ofisoshi a kan sai an daina cinikin 'ya'yan matafiya. Shi ya durƙusa ya kwance ka. Na yi wanki a gidansa har muka tashi, bai taɓa cewa in bar salla ba."

Baba ya ɗage ƙafar wandonsa. Akwai tabo zagaye da idon sawunsa, wanda duk rayuwarsa ya ɗauka ƙunar wuta ce.

"Duk da haka hoto ne, Yaya," in ji Baffa a hankali. "Ga kuma gicciye."

"Fuskar kun ce haramun, gicciyen kun ce masifa," in ji Kaka. "Ku ɗauka. Ku bar mini hannuwan."

Baba da kansa ya sa almakashi. Na sama ya shiga wuta, na ƙasa ya koma adaka.

Yanzu ina zaune a unguwar Mansur, nan Makka, jikokina na ɗaukar hoto har cikin Harami, Hausar ma sai kame-kame. Guntun takardar na wurina. Kwanan baya ƙaraminsu ya gan shi, ya ce, yadda suke kirana da Larabci, "Jaddi, hannun wa?"

Na ce ya fara wanke nasa, sannan ya zauna in faɗa masa daga farko.