Jan Ganyen Malam

Me ya hana ni faɗa wa mijina gaskiya tun yana da rai? Shekara uku ke nan da rasuwar Malam, ina kuka ina tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba.

Abin ya faro ne tun ina yarinya, a gidan kakata Iya Dije a Unguwar Sarki. Bayan an ci tuwo sai ta iza wuta, mu jikoki mu kewaye murhu, tana soya gyaɗa a kasko tana buge hannun duk wanda ya miƙo. Ba ta jiran a amsa mata. Sai dai ta ce, "Ku matso, 'yan nema, ga ta nan ta iso."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata mata ce ta ga itace mai jan ganye a daji, kyansa ya ruɗe ta, ta tono shi ta dasa a ƙofar ɗakinta. Ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa, ganyensa ba ya miya. Kullum yana ƙara ja, ita tana ƙara fari, har ta kwanta. Da 'yan'uwanta suka tona gindinsa, sai suka tarar saiwar ta bi ƙarƙashin bango, ta huda gado, ta shige dunduniyarta tana tsotso. A nan Iya Dije kan tofa yawu cikin wuta, mu ji ya yi cuu.

"Tir, ƙazami," in ji ta. "Ku dai in kun ga itace na kwalliya, ku tambayi abin da yake ci."

Malam ma'aikacin gwamnati ne. Da muka koma Unguwar Dosa ya zo da wani reshe daga gidan abokin aikinsa, ya dasa a bayan tagar ɗakinsa. Sunan na Turanci ne, bakina bai taɓa iya shi ba. Sanyi na shigowa sai ganyen sama su rine ja wur, kamar ƙasar mayanka. In ya datse rassan, wani farin ruwa ke tsatsowa, mai danƙo, kamar mugunya. Akuyata ta taɓa ci, ta wuni tana dalalar da yawu. Na ce masa zogale ya fi cancantar wurin nan. Ya yi dariya ya ce ai ido ma yana jin yunwa, Hajiya. Shekara ashirin ina kauce wa itacen, ko shanya ba na yi kusa da shi.

Shekarar da ciwo ya kama Malam, itacen ya yi jan da bai taɓa yi ba. Shi kuwa tafin hannunsa fari fat, likita ya ce jini ne ya yi ƙasa. Ina salla, ina azumi, na je Makka na dawo, amma muryar tsohuwar nan ce ta cika mini kunne. Ranar da aka ba shi gado a asibiti, na dawo gida ɗaukar kaya, sai na ɗauki gatari. Na sare itacen, na tone saiwar da fartanya, na cinna wuta. Saiwar ko kamu biyu ba ta kai ba. Farin ruwan ya ɓata mini zane, na yi ta cuɗa hannuna da sabulu ina ƙyama.

Aka dawo da Malam bai warke ba, ko tashi ya leƙa taga ba ya iyawa. Ya tambaye ni itacensa. Na ce ganyen ya zube.

Yanzu kaina nake ƙyama. Iya Dije ta yi mana tatsuniya ne don mu zauna wuri ɗaya har gyaɗa ta soyu. Ni ce na goya tatsuniyar har tsufa, na halaka abu ɗaya da bawan Allahn nan ya yi rainonsa don jin daɗin ransa, sannan na zauna bakin gadonsa ina ba shi koko da hannun da ya yi ɓarnar.

Da hantsin wata Alhamis, daf da rasuwarsa, Malam ya kama gefen mayafina. Na sunkuya, na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya riga ni.

"Hajiya, kar ki damu don ya zubar da ganye, haka yake hutawa. Ki rage masa ruwa kawai. Damina na faɗuwa za ki ga ya tofo."